Dogon hutu ya zo, amma motocin iyali ba su nufi Fakku ba

A ƙasashen Turai da Amurka, idan makarantu suka tashi hutun bazara, iyali kan hau wata mota mai ɗauke da gado da murhu da banɗaki, su nausa can wani wuri mai nisa don shan iska. Mu ma muna da tamu tafiyar, sai dai tamu ta zuwa gida ce. Ɗan Fakku ko Kuchi ko Dogon Daji da neman abinci ya zaunar a Legas, Ibadan, Kaduna ko Abuja, ya saba idan aka yi dogon hutu a ƙarshen Yuli ya loda mata da yara a Sienna ko Sharon, a ɗaure tabarmi da buhun garin kwaki da jarkar manja a sama, a cika kula da dambun nama, a kama hanya da asuba. Wannan tafiya tana ja da baya, kuma duk mai dangi a kudancin jihar Sakkwato ya shaida hakan. Maigida kan zo shi kaɗai a motar haya, ya kwana biyu ya juya. Wani ma kuɗi kawai yake turowa a cire wajen mai POS.

Dalilin da kowa ke fara ambata shi ne mai. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, ana sayar da litar fetur ƙasa da naira 200. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Daga Legas zuwa Tambuwal, ta Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko da Jega, tafiya ce ta kusan kilomita 900, kuma motar iyali mai cike da kaya za ta sha lita 200 ko fiye, zuwa da dawowa. Man da a da bai wuce naira dubu 40 ba, a farashin ƙarshen 2024 ya kai dubu 200, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin shekarar dubu 70 ne. Ba a sa kuɗin taya da bakanike da tsarabar da ba a shiga gida babu ita ba.

Akwai kuma dalilin da ba a cika lura da shi ba, wato juyawar wata. Babbar Sallah ta faɗo a Agusta a 2018 da 2019, ta faɗo ranar 31 ga Yuli a 2020, sannan 20 ga Yuli a 2021. A waɗannan shekaru layya da dogon hutu sun haɗu ko sun kusanci juna, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. A 2024 kuwa ranar 16 ga Yuni aka yi sallar, a 2025 kuma 6 ga Yuni, yara na tsakiyar zangon karatu na uku. Magidancin da ba shi da ƙarfin tafiya biyu sai ya zaɓi sallah, ya tafi shi kaɗai.

Amma a ganina duk waɗannan ba su ne tushen abin ba. Mutanenmu sun yi tafiya a lokacin layin mai da bumburutu, sun yi ta a kan hanyar da ta fi ta yau ramuka. Abin da ya tsayar da motar iyali shi ne tsoro. Mutum zai iya kasada da ransa, amma ba ya kasada da matarsa da 'ya'yansa huɗu a mota ɗaya. Mai tasowa daga Kaduna ko Zariya sai ya bi Funtuwa, Tsafe da Gusau, hanyar da sunanta ya daɗe yana fitowa a labaran tare matafiya. Idan ya ce zai yanke ta Anka da Gummi don ya rage nisa, nan ma dajin ne. A Disambar 2021 'yan bindiga sun ƙona mota da fasinjojinta a yankin Sabon Birni, labarin da har yau bai fita daga zukatan Sakkwatawa ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Satumba, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato. Kudancin jihar, wanda a da ake ganin ya tsira, shi ma abin ya iso shi: ƙaramar hukumar Kebbe na iyaka da Zamfara, kuma ƙauyukanta, har da yankin Fakku, sun ɗanɗana hari da satar shanu da ɗaukar mutane. Baƙo mai mota da lambar Legas ko Abuja ba ya ɓoyuwa a ƙauye, kuma kowa na jin tsoron infoma. Shi ya sa yanzu tsofaffin ne da kansu ke bugo waya: "Kada ka zo da yara bana, a bari ƙura ta lafa." Uwar da ta shekara tana marmarin jikokinta ita ce ke hana a kawo su.

Damina ma ta ƙara nata. Dogon hutu a tsakiyar marka yake faɗowa. Da an sauka daga kwalta sai laka da kwazazzabai, wani wurin sai babur. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta auku ne a kan babbar hanyar da masu tasowa daga kudancin ƙasa ke bi.

To me aka rasa? Kuɗi dai suna isowa, wataƙila ma fiye da da, tunda abin da za a ƙona a mai yana iya zama buhun taki. Wannan riba ce ta gaske, kuma ba daidai ba ne a zargi wanda ya zaɓe ta. Sai dai akwai abin da ba ya bin waya. Yaron da ya yi Agusta a gidan kakansa yana tashi da sanyin safiya ya bi 'yan'uwansa gona, ya san bambancin ganyen gero da na dawa, ya tsinci ƙwan zabi a gindin ciyawa, idan hutun ya kai farkon Satumba a gasa masa tumu ya murza a tafin hannu ya hure ƙaiƙayin. Da yamma a kai shi gida-gida: wannan goggonka ce, wannan kawunka ne, ka durƙusa. A nan yake jin Sakkwatanci a bakin masu shi, a nan yake ganin iyakar gonar ubansa, daga wace tsamiya zuwa wane kwari. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Magajin da bai taɓa taka gonar gado ba, ranar rabo ba shi da ta cewa, kuma sau da yawa sayarwa yake yi ta hannun wani. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma kiran bidiyo na WhatsApp, ko da akwai sabis, gaisuwa kawai yake isarwa. Auren zumunci da ake ƙullawa a irin wannan zuwa, da sulhun da ake yi idan 'yan'uwa suka zauna a tabarma ɗaya, duk suna raguwa tare da tafiyar.

Kasuwar gefen hanya ma ta ji a jikinta. Mai tsire a Jega, mai fura a tashar Tambuwal, mai faci, mai shayi, dukkansu sun san cinikin mota mai yara ya fi na fasinja ɗaya.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Oktoban 2024, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, daga Illela ta ratsa Kebbi da Neja zuwa Legas. Idan aka kammala za ta rage wahala. Amma ba ita za ta kai yaro ƙofar gidan kakarsa ba. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin babban titi da ƙauye, kuma wannan yana hannun gwamnatin Gwamna Ahmed Aliyu ta Sakkwato, da ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, da wakilan yankin a majalisun tarayya: jami'an tsaro masu zama dindindin a garuruwan bakin iyakar Zamfara, da kwalbatoci da cikon hanya kafin ruwa ya sauka. Ku kuma iyaye da ke nesa, idan shiga ƙauye bai yiwu ba bana, ku kawo yaran Tambuwal ko Sakkwato da rana tsaka, ku aika a ɗauko tsofaffi su zo su gan su.