Ruwan Witch Hazel da Kurajen Fuska: Ina Hujjar Take?

Witch hazel ɗan itace ne da ke fitowa a gabashin Arewacin Amurka, masana tsirrai na kiransa Hamamelis virginiana. Tun da can 'yan asalin yankin suke dafa ɓawonsa su shafa a kan kumburi da rauni. A 1866 Thomas Dickinson ya soma tace ruwansa don sayarwa a jihar Connecticut, yau kuma ga shi cikin kwalaben goge fuska da ake tallata wa 'yan mata da samari a matsayin maganin kuraje.

Ƙarfinsa yana cikin sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Shi ke sa fata ta ɗaure, maiƙo ya ragu na ɗan lokaci. To amma ruwan da aka fi sayarwa ta tururi ake tace shi, kuma tururi ba ya ɗauko tanin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sannan a zuba masa alkohol kimanin kashi 14 cikin ɗari. Wannan sanyi da ɗaurewar da mutum ke ji bayan ya goga, har ya ce "yana aiki", galibinsu aikin alkohol ne.

Kurjin fuska kuwa daga ciki yake farawa: maiƙo da matacciyar fata su toshe ƙofar gashi, ƙwayar cutar Cutibacterium acnes ta yawaita, wurin ya kumbura. Goge saman fata ba ya buɗe toshiyar.

Hukumar FDA ta Amurka ta amince da witch hazel don ƙananan raunuka, cizon ƙwari da basur, amma ba ya cikin jerin magungunan kuraje da ta amince da su. A ƙa'idojinta na 2024, ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce hujjar da ake da ita ba ta isa a ba da shawarar amfani da shi ba, alhali ta ƙarfafa benzoyl peroxide da magungunan retinoid irin su adapalene.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙar fata. Duk abin da ya busar da ita ko ya fusata ta yana iya barin baƙin tabo da ke yin watanni. Wanda kurajensa suka yi ƙullutu masu zafi, ya je wurin likitan fata tun kafin su bar ramuka a kumatu.