Direban kwamfuta da batirin da ba a cirewa

A unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna, irin su Barnawa da Kakuri da Narayi da Sabon Tasha, da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ɗalibai da masu shagunan buga takardu ke amfani da su tokumbo ne, waɗanda suka riga suka ci shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso. Irin wannan kwamfuta takan zo hannun mai saye bayan an sake ɗora mata Windows cikin gaggawa, kuma daga nan ne matsalar direba ke farowa. Direba ƙaramar manhaja ce da ke shiga tsakanin Windows da kowane sashe na kwamfutar, sifika ce ko kyamara ko na'urar kama intanet, ta yadda idan babu ita, ko aka saka wadda ba ta dace ba, sashen zai ƙi aiki alhali lafiyarsa lau.

Wurin da ake fara dubawa shi ne Device Manager, inda Windows ke jera dukkan sassan, tare da sanya alama rawaya mai kusurwa uku a jikin wanda ke da matsala. Idan aka buɗe shi za a ga lamba: 28 na nufin ba a saka direban ba sam, 10 na nufin sashen ya kasa tashi, 43 kuwa na nufin Windows ta tsayar da shi saboda ya kawo rahoton tangarɗa. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, maɓallin Roll Back Driver yana mayar da tsohon direban. Idan ba haka ba, sai a sauko da na ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ta hanyar lambar da ke manne a ƙasanta. Wannan aikin mintuna ne, amma wasu masu gyara sun fi gaggawar cewa a goge komai a sake, abin da kan jawo wa ɗalibi asarar aikin shekara guda saboda sifika ta daina magana. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ana ta cusa wa tsofaffin kwamfutoci Windows 11 da ƙarfin tsiya, kuma wasu sassansu ba su da direban da kamfani ya yi musu domin sabon tsarin.

Shi ma batir yana da direbansa, shi ya sa idan direban ya samu matsala kwamfuta kan nuna an jona caja amma ba ta caji, kuma sau da yawa cire direban batirin a Device Manager da sake kunna kwamfutar kan warware lamarin. Kafin a yanke wa batir hukunci, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da kuma wanda ya rage masa, kuma ya kamata mai sayen tokumbo ya nemi ganin wannan rahoto kafin ya biya kuɗi.

Batirin ciki na sinadarin litiyam ne, yakan fara rauni bayan an cika shi an sauke kimanin sau 300 zuwa 500, kuma babban abokin gabarsa zafi ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a Kaduna, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar kwamfutar, sannan a ɗora ta a kan katifa inda iska ba ta shiga, a bar ta jone da caja tana cike tun safe har dare. Masana sun fi son a riƙe caji tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari, kuma manhajoji irin su Lenovo Vantage da MyASUS suna iya tsayar da cajin kafin ya cika. Sai dai wanda bai san lokacin da za a dawo da wuta ba, ba za a ga laifinsa ba idan ya cika batirinsa. Abin da ya fi illa shi ne a bar shi ya mutu murus ya yi kwanaki a haka, ko a riƙa caji da jabun caja a kan janareta mai wasa da wuta.

Idan wurin da ake shafawa da yatsa don sarrafa kwamfutar ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe da kansa, batirin ya kumbura ke nan, domin iskar gas ta taru a cikinsa. A daina caji nan take, kada a danna shi ko a huda shi, kada kuma a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, a kai wa mai gyara ya cire shi ya saka wanda ya dace da lambar kwamfutar.