Sintirin gobara a gidajen jama'a: abin da yake hanawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Parakou da Djougou, maganar gobara takan dawo bakin jama'a. A unguwanni irin su Banikanni, iyalai da ɗalibai da dama na zaune ne a gidajen haya masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Sau da yawa mazauna gidan sun san inda matsalar take: wayar wuta da ta tsufa, ko tukunyar gas da ke yoyo. Tambayar ita ce, kafin a gyara, wa zai sa ido idan kowa ya yi barci? Ƙasar Ingila ta shafe shekaru tana fama da wannan tambaya, kuma akwai darasi a yadda ta amsa ta.

Daga ina abin ya samo asali?

A daren 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 da ke yammacin birnin Landan. An lulluɓe bangon benen ta waje da fallayen alminiyam masu roba a tsakiya, robar kuwa ta ci wuta kamar busasshiyar ciyawa. Mutum 72 ne suka rasa rayukansu.

Ƙa'idar irin waɗannan benaye ita ce, idan gobarar ba a sashenka take ba, ka zauna ka rufe ƙofa, domin an gina kowane sashe yadda zai tsare wuta har 'yan kwana-kwana su iso. A Grenfell wutar ta bi ta waje ta kewaye ginin, ƙa'idar ta zama tarko.

Binciken da ya biyo baya ya gano ɗaruruwan benaye masu irin wannan lahani, kuma cire fallayen aiki ne na shekaru. Sai aka sauya ƙa'idar a waɗannan gine-gine: wuta na tashi, kowa ya fita. To amma galibinsu ba su da ƙararrawar da duk mazauna za su ji lokaci ɗaya. Nan ne aka kawo masu sintiri.

Yaya ake yin sintirin?

Ana ɗaukar ma'aikata da aka horar, suna karɓa-karɓa dare da rana, suna zagaya kowane hawa da kewayen ginin. Aikinsu uku ne: su gano wuta da wuri, su kira 'yan kwana-kwana, su tashi jama'a ta hanyar buga ƙofofi da busa ƙaho. Ba a ɗauke su don kashe wuta ba. Tun farko majalisar shugabannin hukumomin kashe gobara ta ƙasar ta bayyana cewa mataki ne na wucin gadi, kuma idan gyara zai ɗauki lokaci, a sanya ƙararrawa a maimakonsa.

Wa ke biya?

A nan gizo ke saƙar. A gine-gine da yawa, kuɗin ya faɗa kan waɗanda suka sayi sassan benen, mutanen da ba su da hannu a zaɓen kayan ginin. Alƙaluman da gwamnati ta fitar a Oktoban 2020 sun nuna cewa matsakaicin abin da kowane gida ke biya a wata ya kai fam 331, a Landan kuwa fam 499. Fam 331 ya haura CFA 200,000, wato ya kusa ninka mafi ƙarancin albashi na Benin, CFA 52,000, har sau biyar. Abin da aka ce na ɗan lokaci ne ya kai shekaru a wasu wuraren, bangon kuma yana nan yadda yake.

A Disamban 2020 gwamnati ta ware fam miliyan 30 domin sanya ƙararrawa a sallami masu sintiri, ta ƙara wani asusun na fam miliyan 27 a Janairun 2022. A shekarar ce kuma aka kafa dokar kiyaye lafiyar gine-gine, wadda ta sauke wa da yawa daga cikin masu sassan wani ɓangare na nauyin. Da kwamitin binciken Grenfell ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a ranar 4 ga Satumban 2024, shugabansa Martin Moore-Bick ya ce duk mace-macen abu ne da za a iya kauce masa.

Ina abin ya shafi Parakou da Djougou?

Haɗarin gidajen nan daban ne. Akwai wayoyin da aka ja daga mita ɗaya zuwa ɗakuna da yawa, da tagogin da aka datse da ƙarfe saboda ɓarayi, da babura da ake jerawa a bakin ƙofa da dare, da kwalaben man fetur na kpayo da wasu ke kwana da su a gida. Gobarar da ta tashi a wani rumbun ajiyar irin wannan mai a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumban 2023, wadda ta kashe fiye da mutum 30, ta nuna yadda fetur ke rufe hanyar tsira cikin ƙiftawar ido.

Gidaje da tituna da dama suna da mai gadi, sai dai hankalinsa na kan ɓarawo. Ana iya faɗaɗa aikinsa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: ya riƙe makullin babbar ƙofa, ya san inda ake kashe mitar SBEE, ya san ɗakin da tsoho ko maras lafiya ko ƙananan yara suke, ya riƙe usur da waya mai caji, ya kuma haddace lambar 'yan kwana-kwana, 118. Inda babu mai gadi, mazauna gida na iya raba dare a tsakaninsu. Ƙaramar na'urar gano hayaƙi mai aiki da batir ma tana taimakawa, domin ita ba ta gyangyaɗi.

Amma abin da ya faru a Ingila ya nuna iyakar wannan dabara. Mai sintiri yana ba mutane 'yan mintocin da za su tsere ne kawai, wayar da ta lalace kuma tana nan a bango har gobe. Idan 'yan haya suka ɗauki nauyin gadi ba tare da wa'adi ba, mai gida ya samu dalilin jan ƙafa. Saboda haka duk gidan da zai kafa sintiri, ya dace a zauna da mai gida tun ranar farko, gaban shaidu ko mai unguwa, a rubuta abu uku: lahanin da aka gani, wanda zai biya kuɗin gyara, da ranar da za a kammala shi.