Sanyin ƙashi: yadda za mu zauna da shi lafiya

Ƴan uwa manoma da mata, idan ɗari ya shigo, tsofaffi da yawa sukan yi kukan gwiwa da ƙugu. Wani ba ya iya durƙusawa wurin salla, wata ba ta iya riƙe taɓarya. Wannan ciwo shi ne muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da irin wanda ke zuwa da tsufa.

Mine ne ke kawo shi?

A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, wanda ke hana ƙasusuwa gugar juna. Shekaru, da ɗaukar kaya masu nauyi, da ƙiba, da tsohon targaɗe, su ke cinye shi. Sanyi ba ya kawo ciwon, amma yakan tayar da shi.

Akwai wani iri da ya fi kama mata. Yana kumbura yatsun hannu biyu tare, kuma gaɓɓai su sandare da safe fiye da rabin awa. Shi wannan yana da magani na musamman a asibiti. In an yi jinkiri, yatsu su karkace.

Abin da za mu yi a gida

1. Kada a kwanta. Gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take. A yi tafiya kaɗan kullum, a miƙe ƙafa a lanƙwasa a hankali.
2. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a gasa wurin.
3. A rage kaya. Bido mai lita 20 nauyinsa kilo 20 ne. A raba shi biyu, ko a ɗora a amalanke.
4. A yi noma da hauya mai dogon ƙota, don a rage duƙawa.
5. A riƙe sanda a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya.
6. Mai ƙiba ya rage jiki, gwiwa ta samu sauƙi.

Hattara da maganin talla

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana rage zafi. Babba yana iya shan farasitamol mai lamba 500, ƙwaya 1 ko 2, kada ya wuce ƙwaya 6 a yini. Ibufurofen da dikulofenak suna iya kawo gyambon ciki, su lalata ƙoda. Sai da izinin ma'aikacin lafiya, kuma bayan an ci abinci. Mace mai ciki ta nisance su. Tramol yana kama mutum har ya kasa bari. Tsaga da sakiya a kan gwiwa suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ga masassara, a tafi a ranar, domin mugunya tana iya kashe gaɓar cikin ƴan kwanaki. Haka kuma idan yaro ya yi ciwon gaɓɓai bayan ciwon maƙogwaro, don ciwon yana iya taɓa zuciyarsa.

Mai karatu, ka karanta wa iyayenka wannan shafi. Su suka yi mana noma da daka har gwiwarsu ta gaji. Yau mu ya kamata mu ɗauke musu kaya.