Tsakuwar Da Kan Ɓuya Bayan An Cire Matsarmama

Babu mai tsire a Sabon Ibadan da bai san matsarmama ba, watau 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta, wadda in ta fashe sai ta ɓata nama. Ta ɗan Adam kuwa takan tara tsakuwa, musamman ga masu amosanin jini, domin ƙwayoyin jininsu na saurin mutuwa, dattinsu kuma ta hanta yake fita.

Cire ta tsohon aiki ne, gama tun 1882 wani likitan Jamus mai suna Carl Langenbuch ya fara yinsa a Berlin. Inda gizo ke saƙa shi ne bututun da ke kai ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji, wanda kaurinsa bai wuce na fensir ba. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu wannan ciwo, tsakuwa ta riga ta sulale cikinsa. In aka ɗinke majinyaci aka bar ta, sai ta toshe hanya, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya rine, zazzaɓi da rawar ɗari su biyo baya, har takan kai ga rasa rai.

A 1931 Pablo Mirizzi na ƙasar Ajantina ya fito da dabara. Majinyaci na kwance a ɗakin tiyata ake ɗura wani ruwa cikin bututun, a ɗauki hoton eksire nan take, sai tsakuwa ta fito kamar giɓi a cikin hoton. Hoton kan nuna wa likita yadda bututun ya miƙe, kada ya datse shi bisa kuskure. Har yau likitoci ba su haɗu a kan ko kowa za a yi wa ba, ko sai wanda aka yi wa zato.

Sikanin da aka saba yi kafin aiki yana ganin tsakuwar cikin jaka sarai, amma ta bututu takan kuɓuce masa saboda iskar hanji. Tun 1974 kuma ana iya zaro ta da na'urar da ake zurawa ta baki, ba tare da an tsaga ciki ba.

Asibitin Koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, daga Sabo ana wuce Mokola an kusa isa. Sai dai jama'armu da sun ga ɗorawa a ido sai su ce shawara ce, a ɗauko jiƙo, alhali jiƙo ba ya ture tsakuwar da ta riga ta toshe bututu.