Zanzaron Gida Maganin Tsutsar Tumatir

A shekarar 2016 manoman tumatir na Kano da Kaduna da Katsina sun gamu da wata annoba da ta ƙone masu gonaki tamkar gobara, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Sanadin wannan ɓarna wata 'yar tsutsa ce wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, masana kimiyya kuwa suka san ta da Tuta absoluta.

Wannan tsutsa baƙuwa ce. Asalinta daga Kudancin Amurka take. An fara ganinta a Sifen a 2006, daga can ta tsallako Arewacin Afirka, ta bazu. Uwarta wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ne mai yawo da dare, kuma mace guda tana iya saka ƙwai har 260. Da zarar ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsar ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, tana cinsa daga ciki. Saboda haka yawancin maganin feshi bai cika kai mata ba. Bugu da ƙari, takan hayayyafa sau 10 zuwa 12 a shekara, abin da ke sa ta saba da guba cikin ƙanƙanen lokaci.

To, ina mafita? Kowa ya san zanzaro, wanda ke gina ɗakin laka ya cusa tsutsa a ciki domin abincin 'ya'yansa. Yana da wasu dangi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su harbin mutum, tsutsa kawai suke nema. A ƙasashen bakin Bahar Rum an gano cewa wani ɗan ƙasa daga cikinsu, mai suna Necremnus tutae, ya koma farautar wannan baƙuwa. Macen takan bi ganye har ta gano inda tsutsar ta ɓuya, ta soke ta da ƙarinta ta sandarar da ita, sa'an nan ta saka ƙwai a jikinta. Ɗan da ya fito shi zai cinye tsutsar. Wasu kuma, watau dangin Trichogramma, waɗanda tsawonsu bai kai milimita 1 ba, cikin ƙwan faɗa-wutan suke saka nasu ƙwan, sai ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi sun daɗe suna kiwon zanzaron Habrobracon hebetor, suna raba wa ƙauyuka cikin 'yan jakunkunan algarara, domin yaƙi da tsutsar zangarniyar gero. Amfanin zanzaron gida shi ne ya riga ya saba da zafi da rani, kuma ba sai an sayo shi daga ƙetare ba.

Sai dai zanzaro ya fi tsutsa saurin mutuwa da guba, domin shi a fili yake yawo, ita kuwa tana ɓoye. Manomin da ke feshi barkatai mataimakinsa yake fara kashewa. Abin da ya kamata shi ne a rage feshi, a bar tsirrai masu fure a bakin gona domin zanzaro ya sami ruwan fure ya sha, a kuma binne ragowar tumatir bayan an gama tsinka.