Me ya sa yunwa ke zuwa a kan lokaci, ta kuma lafa ko ba a ci ba?

Duk mai azumi ya san wannan: a kwanakin farko na Ramadan, da azahar ta yi sai ciki ya shiga ƙugi, jiki ya mutu. Amma kafin la'asar abin ya lafa, alhali ko ruwa bai shiga baki ba. Da a ce yunwa ma'aunin abin da ya rage a tumbi ce kawai, da sai ta yi ta ƙaruwa har magariba. Abin da mutum ke ji saƙo ne da jini ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma masu ɗauke da saƙon wasu sinadarai ne da jiki ke sarrafawa da kansa, waɗanda likitoci ke kira hormon.

Na farkonsu shi ne girelin. Masana biyu na ƙasar Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa, tare da abokan aikinsu ne suka gano shi a 1999. Tumbi ne ke fitar da mafi yawansa, ya bi jini ya isa wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna hipotalamus, a can ne ake kunna sha'awar abinci. Girelin yana da agogo: yakan hau gab da lokacin da mutum ya saba cin abinci, ya sauka bayan an ci. In ma ba a ci ba, yakan ja baya da kansa bayan ɗan lokaci. Shi ya sa yunwar azahar ke wucewa, kuma in jiki ya saba da sabon tsari na sahur da buɗa-baki, azumin kan yi sauƙi.

Umarnin a dakata da ci kuwa daga hanji yake fitowa. In abinci ya isa can, hanji na sakin nasa sinadaran, irin su PYY da GLP-1, su sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Sai dai saƙon ba ya isa nan take, yana ɗaukar mintuna. Wanda ya auka wa kunu da ƙosai da tuwo a zama ɗaya da jin kiran salla, ya riga ya wuce ƙima kafin labari ya iske ƙwaƙwalwarsa. Irin abincin ma na da tasiri: wake, ƙwai, kifi, nama da nono sun fi daɗe wa mutum a ciki, lemon kwalba da shayi mai sukari kuwa suna shiga ba tare da sun ƙosar sosai ba.

Akwai kuma leftin, wanda aikinsa na dogon zango ne. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, yana shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu. Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York da tawagarsa ne suka gano shi a 1994. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka ba da rahoton wasu yara biyu ƴan dangi ɗaya, ƴan asalin Pakistan, da aka haifa jikinsu ba ya samar da leftin mai aiki. Yarinyar, tana da shekara 8, ta kai kilo 86. Ba kwaɗayi ba ne, ba kuma sakacin iyaye ba: ƙwaƙwalwarta ce ke ganin rumbu fanko ne, tana ta neman a ci. Da aka soma yi mata allurar leftin, cin ya ragu, nauyin ya sauka.

An yi zaton an samu maganin ƙiba, sai murna ta koma ciki. Mafi yawan masu ƙiba ba rashin leftin ke damunsu ba, suna da shi har ya yi yawa, ƙwaƙwalwar ce ba ta amsa shi yadda ya kamata. Ƙara musu shi da allura bai haifar da wani abin kirki ba.

Inda leftin ke nuna ƙarfinsa shi ne lokacin da mutum ya rame. Kitse na raguwa, leftin ya faɗi, girelin ya hau, jiki ya ɗauka fari aka shiga. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostareliya, aka wallafa a 2011, ya bi mutanen da suka rage nauyi cikin mako 10. Shekara guda bayan haka girelin ɗinsu na nan sama da yadda yake a da, suna kuma jin yunwa fiye da kafin su fara. Saboda haka gorin da ake yi wa wanda ya rame ya sake komawa, wai ba shi da zuciya, ba adalci ba ne. Da jikinsa yake kokawa.

Barci ma yana cikin lissafi. A Jami'ar Chicago, a 2004, an taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa 4 na dare biyu: leftin ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28, sha'awarsu ta fi karkata ga zaƙi da abinci mai sitaci. Direbobin manyan motoci, masu gadi da masu raba dare a kan waya su lura.

Alluran rage ƙiba da ake ta yayatawa yanzu, Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk na Denmark, kwaikwayon GLP-1 suke yi. Suna aiki, amma suna da tsada, suna iya kawo tashin zuciya da amai, kuma nauyi kan dawo in an daina. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. In an samu jabu a can, to wanda ake tallatawa ta WhatsApp ko a teburin kasuwa ba tare da takardar likita ba abin gudu ne.

Yunwar da ba ta jin abinci, in ta haɗu da yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama, wata magana ce daban. Tana iya zama alamar ciwon sukari, kuma ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa a asibiti ya isa a soma dubawa.